Ranar da Aka Shanya Jirgin Kaka

"…da gajiya, Gara? Ya hanya? Na ji an ce ka dawo, na ce bari in zo in karɓi godiyata tun da ɗuminta."

"Lafiya ƙalau, Baƙin Mai. Sannu da zuwa. Sannu da aiki. Sannu da ƙoƙari."

Da na ji sannu uku a jere daga bakin maigidana, sai na ajiye butar shayi na gyara zama a kan benci, don na san yau akwai kallo. Shekara ashirin da bakwai ina zaune da mutumin nan, ban taɓa jin ya yi wa taubashiyarsa sannu ba sai in ya shirya mata tsiya.

Shi kafintan jirgin ruwa ne, ita ta raɗa masa Gara don ba ya ganin katako ya ƙyale. Ita kuwa makanikiyar injin jirgi ce, a wajen mahaifinta ta gaji sifana, shi kuma ya sa mata Baƙin Mai saboda faratanta. Uwarsa da ubanta ciki ɗaya suka fito. Dukkansu sun haura hamsin, kowa da jikoki, amma in suka haɗu sai ka rantse jiya aka yaye su.

Abin da ya haɗa su wannan karon jirgin kakansu ne, wani tsohon jirgin katako da ya shekara goma sha tara a kife bayan rumfar aiki, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Inna, surukata, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan mai jirgin. Gobe da azahar autanta zai zo ya tafi da ita garin da yake aiki, kusa da likitan ƙafarta, kuma duk mun san ba tafiyar dawowa ba ce. Abu ɗaya ta roƙa: kafin ta tafi, a sa ta a jirgin babanta a zaga da ita kan ruwa ko sau ɗaya ne. Wata bakwai Gara na kan katakon, Baƙin Mai na kan tsohon injin. Yau ga ta ta turo injin a baro, ga kuma jirgin a kife kan kututture biyu a tsakiyar rana.

"Ka gan shi ko?" ta ce, tana nuna jirgin da haɓa. "Ba don ni ba, da yanzu kifaye sun gama rabon ɗakuna a ciki. Shekaranjiya na zo auna mazaunin inji, na tarar da aikin wata bakwai a ƙasan ruwa, hancinsa kawai ke leƙe. Ka juya baya kwana biyu neman ƙusa, jirginka ya ce shi ma ya gaji da kai."

"Allah sarki. Sai kika yi yaya?"

"Sai na yi abin da 'yar gida ke yi in ɗan mace ya yi ɓarna. Masunta shida na tara, muka jawo shi, muka kwalfe ruwan, muka kife shi a inda rana ta fi zafi. Da hannuna na goge shi. Taɓa ka ji, ya bushe ƙamas."

"Na taɓa. Da kuka kwalfe ruwan, ba ku ga komai a ciki ba?"

"Duwatsu! Manya-manya guda takwas. Aikin marasa kunya ne. Na tsaya a nan na yi ta zagi har muryata ta dishe."

"Na gode da zagin, ya iso. Yaya kika same su, duwatsun? A warwatse?"

"A jere. Huɗu nan, huɗu can. Kowanne da buhu a ƙarƙashinsa."

"Ikon Allah! Maɓarnata masu tausayin fenti."

Ni kwana biyun nan a gidan Inna na yi su ina haɗa mata kaya, ban san abin da ake ciki a bakin ruwa ba. Amma ko ni da nake matar kafinta kawai, tun daga maganar buhu na gane inda aka dosa. Baƙin Mai ma ta fara ganewa, don na ga murmushin ya soma zamewa daga fuskarta.

"Zo nan, ranki ya daɗe," in ji Gara. "Durƙusa ki shiga ƙarƙashinsa ki ɗaga kai. Me kike gani?"

Muryarta ta fito daga ƙarƙashin jirgin a sanyaye. "Sama."

"Sama nawa?"

"Layi-layi."

"Da kyau. Kin mayar da jirgin kakanmu kwando. Ni na nutsar da shi, Baƙin Mai, da hannuna. Katakon da ya shekara goma sha tara a tudu ƙishirwa yake ji. Sai ya sha ruwa kwana uku ya kumbura, falanki ya matse falanki, sannan tsagar ta rufe. Ya sha na yini ɗaya, kika zo kika fizge masa kofin daga baki."

Ta fito tana kakkaɓe gwiwa. Wata ce da ta ba da haƙuri, amma ban da wannan.

"To wa ya taɓa jin an nutsar da jirgi don a hana shi nutsewa? Mu a aikinmu duk abin da ya faɗa ruwa, a guje ake tsamo shi, a warware, a busar. Kai in gidanka zai kama da wuta, sai ka riga ka cinna masa ashana ke nan? Me ya hana ka gaya wa mutane?"

"Na gaya wa jirgin."

"Ka rubuta a allo mana!"

"Ki karanta da wane ido? Ke da ko takarda aka ba ki sai kin shafa mata girisi kafin ki gane samanta da ƙasanta."

"Jirgin gidanmu ne dai. Kai baƙo ne, arziƙin Goggo kake ci. In na ga dama in rataye shi a bishiya."

"Ai saura kaɗan. Da na ƙara kwana ɗaya da na tarar kin yi masa guga."

"Matar Gara, kina jin sa ko?"

Na ce, "Ni shayi na kawo."

Ta koma wajen baronta ta dafa injin. Tsohon inji ne ƙwarai, fentinsa ya koɗe, amma ta wanke shi har yana ɗaukar ido.

"Ai ba wata matsala," ta ce. "Wannan in ya tashi, ruwa ba zai samu zarafin shiga ba. Kafin ya gane akwai tsaga, mun je mun dawo har Goggo ta hau mota."

"Wannan? Injin da rabonsa da tari tun ina da gashi?"

"Kai tun a zanen goyo sanƙo ya yi maka sallama. Kama min nan, in kana da ƙarfin da ya wuce na ɗaga kofi."

Suka ɗora shi a bakin duron da ke cike da ruwa gefen rumfa, farfela a ciki. Ta matsa robar mai, ta naɗe igiya, ta ja. Shiru.

"Ɗaya," in ji Gara.

Ta sake ja. Injin ya ce fut.

"Biyu. Ya gaishe ki."

"Rufe min baki, numfashinka ne ke shiga kafireta."

"Uku. Matata, aika a kira masunta shidan nan, ko tura shi za a yi."

A ja na huɗu ya kama. Ya fara da kakari, ya tofar da shuɗin hayaƙi, sannan ya daidaita, tuf-tuf-tuf, ruwan duro na tafasa, wani siririn ruwa na tsartuwa ta gefensa, alamar yana sanyaya kansa yadda ya kamata. Na dubi maigidana. Wannan ƙarar ce ke tashinsa daga barci yana yaro, ya sha gaya min. Ya daɗe tsaye hannu a ƙugu kafin ya tuna da wa yake tare.

"Yana fitsari a gaban mutane," ya ce. "Tarbiyyar mai shi."

"Fulogi kaɗai na saya sabo. Sauran duk na Kaka ne, ɗaya bayan ɗaya na wanke su da buroshin haƙori."

"Shi ya sa naki suka koma haka."

Ta kashe injin. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a bakin gaɓa. Ta goge hannu a jikin rigar aikinta, ba ta dube shi ba.

"Gara, tsakani da Allah. Zai ɗauki Goggo gobe?"

"A yadda yake, ko kaza ba zai ɗauka ba."

Tausayinta ya kama ni. Matar nan ita ce ke zuwa duk Juma'a ta yanke wa Inna farce, ta shafa mata magani a gwiwa. Don ƙauna ta tara masunta, don ƙauna ta goge jirgin, ga shi ƙaunar ta zame mata abin kunya.

"A narka kwalta a malala masa," ta ce.

"A kan fentina? Ki malala wa kanki."

"To a cusa auduga a tsagar, a danna da kurfi har ta toshe."

"Sai ya shiga ruwa ya kumbura, ya rasa inda zai matsa, ya tuttura ƙusoshin waje ya buɗe a tsakiyar ruwa, da Inna a ciki. Katako ba ƙarfe ba ne da za ki ɗaure shi da sifana ya yi shiru. Lallashi yake so."

"To lallashe shi mana, sarkin lallashi! Ka tsaya kana yi min wa'azi rana na tafiya."

Gara ya sosa sanƙonsa. Ya dubi tarin garin katakon da ke ƙarƙashin teburin aikinsa.

"Akwai wata dabara da na ga Kaka ya yi sau ɗaya. A mayar da jirgin ruwa yana yawo, yana shan ruwa ta tsagar. Sai mutum ya cika gwangwani da garin katako, ya rufe da tafin hannu, ya nutsa ƙarƙashinsa ya buɗe. Ruwan da ke kutsawa ciki shi zai ja garin ya cusa a tsagar, garin ya kumbura ya toshe. Zai riƙe har falankin ya sha ya matse da kansa."

"To me kake jira? Tuɓe riga."

"Ai… kunnen nan nawa. Kin san ruwan sanyi na tayar min da shi."

"Rana tsaka, ruwa kamar na wanka?"

"Ga baya kuma. Hanyar nan da na sha…"

Na kurɓi shayina. Na yi shekara ashirin da bakwai ina riƙe da sirrin nan, amma Inna ta fi min sirri.

Na ce, "Bai iya iyo ba."

Baƙin Mai ta juyo a hankali. Ta dube ni, ta dube shi. Sai ta zauna daɓas a bakin baro ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wayyo Allah! Shekara hamsin! Shekara hamsin ana ce mana ciwon kunne! Jirgi nawa ka ƙera, Gara?"

"Arba'in da ɗaya."

"Ashe duk tsoro ne ya ƙera su!"

"Shi ya sa ba wanda ya taɓa nutsewa. Wanda ya iya iyo ai ba ya damuwa da ƙusa ɗaya ta kwance." Ya harare ni. "Ke kuma mu haɗu a gida."

Na ce, "Ai a tudu ne, za ka iya zuwa."

Masunta biyu da ke gyaran raga nan kusa suka taya mu juya jirgin, aka tura shi ruwa, aka ɗaure shi da igiya a inda zurfi ya kai wuya. Nan da nan ruwa ya fara tsattsafowa ciki ta ko'ina. Baƙin Mai ta ɗaure ɗankwalinta tamau, ta shiga da rigar aikinta, gwangwani a hannu. Gara ya zauna cikin jirgin da ƙotar guduma, duk inda ya ga yoyo sai ya ƙwanƙwasa mata ta ji daga ƙasa. Hannunsa ɗaya kuwa bai saki gefen jirgin ba ko sau ɗaya.

Ta nutsa, ta fito tana furzar da ruwa, garin katako ya manne mata a gira.

"Ya tsaya?"

"Ya ragu. Matsa hagu. Hagun mutane, ba hagun makanikai ba."

"Ka ci gaba, in jijjiga jirgin nan mu ga kunnen naka."

"Ki jijjiga ki yi wa Inna bayani."

Ta sake nutsawa. Da ta fito ya ce, "Kin yi kyau haka. Da mijinki ya gan ki da ya ƙara godiya ga Allah da ya ba shi haƙuri."

"Da matarka ta san abin da ta aura, da ta nemi agwagwa."

Na ce, "Na sani, na haƙura."

Sau goma sha ɗaya ta nutsa, ni ke cika mata gwangwanin. Tun tana mayar da martani har numfashi ya hana ta. A na tara Gara ya ce ta huta, ta ce ba da ita ba. Ɗaya bayan ɗaya tsagar suka yi shiru, sai wuri guda, a hagu, dab da bencin tsakiya, da ya ƙi ji ya ƙi gani. Ta zuba masa gwangwani biyu, yana nan yana hawaye a hankali. Gara ya ce a bar shi, ya shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna a ciki, jirgin ya kwana a ruwa.

Da hantsi muka kawo Inna. A kan kujera Gara da masuntan suka ɗauko ta daga bakin hanya har cikin jirgin, aka zaunar da ita a bencin tsakiya, ni a gefenta ina riƙe da lema. Ta shafa gefen katakon da tafin hannu. Gara ya tafi can gaba ya zauna yana fuskantarmu, Baƙin Mai a baya wajen injinta. Ja biyu ya tashi, ta ɗaga wa Gara yatsu biyu, ya yi kamar yana kallon tsuntsaye.

Muka bar gaɓa. Ruwan kwance yake luf, iska kaɗan, jirgin na tafiya sumul kamar bai taɓa kwana a tudu ba. Raina ya yi fari tas. Inna na kallon bishiyoyin da ke tsallake, bakinta na motsi.

Ba mu yi nisa sosai ba na ga idon Gara ya kafe a ƙasa. Wurin nan na hagu ya farka. Ruwa na taruwa a hankali, ya biyo falanki, ya zo ya taɓa takalmin Inna. Fuskar maigidana ta canja. Wata bakwai ya yi yana mafarkin ya kai uwarsa ya dawo da ita ƙafa a bushe.

"Inna, ɗaga ƙafarki," ya ce. "Bari mu juya. Ban so haka ba."

Baƙin Mai ta rage wuta. "Goggo, ba laifinsa ba ne. Ni ce na…"

Inna ta ɗaga mata hannu. Ta sunkuya ta daɗe tana duban inda ruwan ke fitowa. Sai ta zare takalmanta ta miƙo min, ta sa ƙafafunta biyu cikin ruwan.

"Nan ne," ta ce. "Wallahi nan ne wurin."

"Wane wuri, Inna?"

"Tun ina 'yar shekara bakwai nan yake yoyo. Baba ya yi, ya yi, har ya haƙura. Ya ce tunda jirgi ya ƙi, sai a ba shi ma'aikaciya. Ni ce mai kwalfa. Yayyena na jan raga, ni ina nan a bencin nan da gwangwanina. In na yi gyangyaɗi sai ruwa ya taɓa min ƙafa in farka." Ta yi dariya, irin wadda rabon da in ji tun kafin ƙafar ta kwantar da ita. "Da kun kawo min shi a bushe, da na ce wani kuka sayo kuka yi masa fenti. Ke, ba ni abin kwalfa."

Na miƙa mata. Ta naɗe hannun riga ta fara kwalfa, a hankali, tana zubarwa ta gefe ba tare da ta duba ba. Hannun bai manta ba.

Baƙin Mai ba ta bari ko numfashi ya wuce ba.

"Ka ji ko, Gara? Wata bakwai kana ɓata jirgin mutane, ni kwana biyu na gyara shi."

Na juya wajen maigidana. Uwarsa yake kallo, ruwa na bin kumatunsa yana shiga gemu.

"Kai, karɓi nan, kada ka ƙara wa Goggo aiki," in ji Baƙin Mai. Ta zaro tsumma daga aljihu ta jefa masa. "Kyauta na ba ka."

Ya cafe ya goge fuska da kyau, goshi har haɓa. Da ya sauke hannu, fuskar nan ta yi baƙi ƙirin, idanu kawai ke haske. Ni na fara fashewa, lema ta kusa faɗawa ruwa. Ya dubi tsumman, ya dubi tafin hannunsa, sai shi ma dariya ta ƙwace masa har ya saki gefen jirgin.

"Na sallama," ya ce. "Kin ci wannan, 'yar gida. Juya mu, kada autan Inna ya zo yana jira."

Inna ba ta ko ɗago ba.

"Ya jira," ta ce. "A ƙara zagaye ɗaya, ban gama aikina ba."